Dandalin da Babu Kowa Sai Mai Shi

Mu da muka ɗaura ɗamarar koyon ƙera manhajar sada zumunta ta wayar hannu, ciwonmu iri ɗaya ne. An ce mana a 2004 Mark Zuckerberg ya kafa Facebook a ɗakin kwanansa na jami'ar Harvard, sai muka waiga muka ga ai mu ma muna da ɗakin kwana. Ni kuwa ina nan a kan bakana: rubuta manhajar, duk da gumin da ake sha, shi ne ɓangare mai sauƙi.

Gumin kam ana shan sa. Mai koyo zai ɗora Android Studio a kan kwamfutar da ya saya ta hannu, fankarta ta kama kuka, data ta ƙare kafin a gama sauke kayan aiki, wuta kuma ta ɗauke. Sannan a shiga gardamar ko Flutter ta Google za a bi, ko React Native ta Facebook, ko Kotlin. Amma duk wannan yana da magani, domin kuskuren da ya hana ka barci, wani a Indiya ya riga ya yi bidiyonsa. Wata rana dai manhaja za ta tashi, da wurin rajista, da wurin ɗora hoto, da 'yar jar zuciya ta nuna so. Sai malam ya buɗe asusu uku da sunaye daban-daban, ya rubuta "Assalamu alaikum" da na farko, ya amsa da na biyu, na uku kuma ya yaba wa hirar. Ya gina kasuwa da rumfuna reras, ba mai saye, ba mai sayarwa. Kamar dai Google ya san halinmu: sabon mai asusun kansa a Play Store, bayan ya biya dala 25, sai ya samo mutum 12 da za su gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da ita. A nan ake gane ainihin yawan 'yan uwa, har da kawun da ke cewa wayarsa ta cika alhali bidiyon biki ne fal a ciki.

Na san za a ce ai Instagram ma'aikata 13 gare ta lokacin da aka saye ta dala biliyan 1 a 2012, don haka ƙaramin mutum ma yana iyawa. Gaskiya ne, sai dai a ranar farko, a 2010, mutum wajen dubu 25 suka shiga. Jama'ar aka saya. In da ƙwarewa ce ke tara mutane, da Google+ ba ta mutu ba. Injiniyoyi da kuɗi duk akwai, aka buɗe ta a 2011, aka rufe a 2019. Masu shekaru kuma sun tuna 2go ta Afirka ta Kudu, wadda matasan Kano da Kaduna suka kwana a kanta. WhatsApp na zuwa aka watse, domin kowa yana bin inda abokansa suka koma.

Wani kuma zai ce to a daina koyon mana. Haba, ban ce ba. Da wuya a sami darasin da ya haɗa rajista, rumbun bayanai, hotuna da saƙon gaggawa wuri guda kamar wannan. Abin da nake ƙi shi ne a gina wa "duniya". Facebook ɗin da muke kwaikwayo ɗaliban Harvard kaɗai aka yarda su shiga da farko, mutanen da dama sun san juna kuma suna son gulmar juna. Wanda ya gina wa 'yan ajinsu ko ƙungiyar 'yan adashin unguwarsu ya fara da mutum 30 masu abin faɗa, kuma cikinsu ba a rasa 12 da za su taimaka masa da Google, in dai ya saya musu data.