Kwana Ɗaya Ne, Alhaji

Ƙasar Hausa ta san saukar baƙo tun kafin a san bulo da siminti. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro ba su taɓa tambayar ɗaki mai banɗaki a ciki ba. Zango suke yadawa, har zangon ya zauna da gindinsa ya zama unguwa a Kumasi da Akara. Mai dabbobi yana da fatomansa. Har gobe wanda ya kai shanu Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ya san gidan da zai shimfiɗa tabarma, ya ci tuwo, a tsaya masa a ciniki, a cire la'ada. Wanda ba shi da kowa kuma, ga zauren mai unguwa. To, a ƙasar da ake cewa baƙonka annabinka, duk wanda ya zaro kuɗi ya biya don kawai ya kwanta, fassara biyu ake yi masa: ko dai ba shi da dangi, ko kuma yana da abin ɓoyewa.

Shi ya sa ba a gina otal ɗin ƙaramin gari a tsakiyar gari. Can ake kai shi bayan gidan mai, a hanyar fita. Kana sauka a tasha bayan magariba sai ka ja ɗan acaɓa gefe, ka sassauta murya, ka ce, "Samari, ko akwai wani ɗan masaukin baƙi a nan kusa?" Shi kuwa ya ɗaga murya yadda har mai tsire zai ji: "Otal kake nufi, Alhaji? Hau mu je!" Kafin ku isa mai shayi ya sani, 'yan kamasho sun sani, an ma fara gardama kan ko kai ɗan gidan wane ne.

A bakin ƙofa akwai allo mai taurari biyar. Babu hukumar da ta ba da su, mai fenti ne ya ga da sauran fili. Ƙarƙashin allon Baba mai gadi na zaune, rediyo a kunne, tocila a cinya. Ya dube ka, ya dubi jakarka, ya leƙa bayanka ko da mai biye da kai. Da ya tabbatar kai kaɗai ne sai ka ga ransa bai so ba, don ka rage masa labarin gobe.

Yaron da ke kan kanta ya sami tarbiyya mai kyau, ba ya ce wa babba babu.

"Akwai ɗaki?"

"Akwai, Alhaji. Mai fanka ko mai esi?"

"Wuta fa?"

"Akwai. Yanzun nan suka ɗauke."

"Ruwa?"

"Akwai, in sha Allah."

"Sauro?"

Nan kaɗai zai yi jim, ya sosa ƙeya, ya ce, "Ba su da yawa."

Ko filin jirgi ba ka taɓa takawa ba, a nan ka zama Alhaji. In ka zaɓi mai esi, an ƙara maka girma zuwa Yallaɓai. Sai ya turo maka littafin rajista, wanda ya kamata masu nazarin adabi su sa cikin jerin ƙagaggun labarai. A gurbin sana'a, kowa ɗan kasuwa ne. Daga ina? Kano. Zuwa ina? Kano. Lambar waya a Nijeriya guda 11 ce, amma a littafin nan yawancinsu 10 suke, wata ma 9, kamar dai kowane baƙo biro ya ƙare masa a daidai wuri ɗaya. Kai ma ka karanta na magabata, ka bi sahu. Biyan kuɗi kuwa, tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kowa ya koyi tiransifa, sai dai na'urar POS ɗin gidan kullum ba sabis. Za a ba ka lambar asusun wata baiwar Allah da ba ka san haɗinta da otal ɗin ba, ku tsaya kuna kallon waya kai da yaro har alat ya shigo.

Makullin ɗaki a ɗaure yake da guntun katako mai nauyi, don kada ka yi mantuwa ka tafi da shi. Wannan shi ne darasi na farko: gidan ya san halin baƙinsa. Silifan banɗaki ɗaya shuɗi ne ɗaya ja, kuma an datse bayan kowanne da reza don kada ya ba wani sha'awa. Sabulu an raba shi huɗu, kai aka ba kaso na uku. Tawul ya sha wanki ya sha rana har ya ƙame kamar ƙirgi. Rimot ɗin talabijin yana wajen manaja, manaja kuma ya fita. A bango, daidai kan gado, akwai ɗigo-ɗigon jini da suka bushe, kowanne da ɗan sawun tafin hannu a gefensa: nan ne waɗanda suka riga ka suka bar tarihin yaƙin da suka yi. A ɗakin gaba ɗaya buta ce kawai ke yin aikin da aka saye ta dominsa, ita ma tana yoyo ta gindi.

Batun wuta sai an yi zama. Tun Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin lantarki bisa alkawarin awa 20 a rana, rukunin E na can ƙarshe kuma alkawarinsa awa 4 ne. Otal ɗinmu yana wani rukuni da haruffa ba su kai wurin ba tukuna. Saboda haka dogaro ya koma kan janareta, shi kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai ya zama ba a ganinsa sai da dalili. Ka'idar gidan ita ce ba a tayar da shi sai baƙi sun kai wani adadi. Kai da ka shigo kana addu'ar kada ka haɗu da kowa, sai ga ka a bakin taga kana ƙirga masu shigowa kana musu fatan alheri.

Da janareta ya tashi sai ka danna esi, ya yi shiru. Ka kira yaro.

"Samari, esin nan ba ya yi."

"Lafiyarsa ƙalau, Yallaɓai. Janaretan ne ba ya ɗauka."

"To kuɗin da na ƙara fa?"

"Ai ɗakin mai esi ne. Ga shi nan kana gani."

Ba ƙarya ya yi ba. Bai ce ɗaki mai sanyi ba. Sai ka haƙura ka koma neman cajin waya a soket ɗaya tilo da ke bayan gado, wanda ba ya kamawa sai an tokare kan caja da takalmi.

Sha biyun dare na bugawa janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Fanka ta ci gaba da juyi na ɗan lokaci don ladabi, sannan ta tsaya. In bazara ce, watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan wuce digiri 40, kwanon rufi zai fara biyan ka duk abin da ya ajiye tun safe. Ka buɗe taga, ragar ta yage, waɗanda aka ce ba su da yawa su shigo da danginsu. Ka rufe, numfashi ya gagara. Ka koma gado, kuɗin cizo su fito daga ɗinkin katifa su karɓi nasu kason. Wajen ƙarfe ɗaya za ka ji ƙofofi na buɗewa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fito da zanin gado, wancan da darduma, wani ya jawo katifar gaba ɗaya. Kafin ƙarfe biyu tsakar gida ta cika da manyan mutane a kwance a ƙasa suna fifita da kwali. An koma zango ke nan, bambancin kawai fatake ba su biya kuɗin esi ba.

Duhu yana rufa asiri, asuba ce ke tonawa. Famfon banɗaki ado ne, haka ma abin wanka da ke sama. Ruwan gidan yana zuwa ne a kurar ɗan ga-ruwa, kowane ɗaki bokiti ɗaya, wanda ya makara kuma ya jira kura ta biyu. In hunturu ne ka nemi ruwan zafi, daga tukunyar mai shayi za a ɗebo maka, ka yini kana ƙamshin citta. A layin ruwan nan ne ake yin gamon da ba a so. Ka ɗaga kai, ga surukinka. Ko shugabanka na ofis. Ko mutumin da ya rantse maka jiya a wajen ɗaurin aure cewa a daren nan zai koma gida.

"Af, Alhaji! Barka da asuba."

"Af, Malam! Yawwa. Wani baƙona na zo dubawa."

"Allah sarki. Ni ma haka."

Dukansu biyu tawul a kafaɗa, bokiti a hannu, silifa ɗaya shuɗi ɗaya ja. Su gaisa cikin mutunci, su tambayi iyali, kowa ya koma ɗakin baƙonsa ya yi wanka. Har abada maganar nan ba za ta sake tasowa tsakaninsu ba, kuma zumuncinsu zai ƙara ƙarfi, don babu abin da ke haɗa kan mutum biyu irin asirin da kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa.

Me ya kawo su, alhali kowannensu na da gidan sauka a garin? Lissafi ne. Sauka gidan ɗan'uwa kyauta ne, amma kyautar tana da tsada. Sai ka shiga da tsaraba. Sai an kori samari daga ɗakinsu, su kwana suna yi maka Allah ya isa a zuci. Sai ka cinye kwano uku daga ɗakuna uku don kada wata ta ce ka raina girkinta. Sai an yi hira har tsakar dare kan gonar gado da rigimar da ba ta mutu ba tun zamanin kakanku. Da safe ka sallami yara, ka ba da na cefane, sannan a bakin mota mai gida ya miƙo maka takardun ɗansa da ya gama bautar ƙasa, a nema masa aiki. Wanda ya haɗa wannan lissafi zai ga sauron otal ya fi sauƙi. Sai ya ce wa ɗan'uwansa a wajen aboki zai kwana, ya ce wa abokin a gidan ɗan'uwa zai sauka, ya ja hula ya nufi bayan gidan mai.

A nan ne jarin mai otal yake. Ba gini ba ne, ba katifa ba ce, kunyarmu ce da haƙurinmu. Mutumin da bai yarda ya kwana a wuri ba, ta yaya zai kai ƙarar wurin? Wa zai tsaya a majalisa ya ce kuɗin cizo sun cinye shi jiya, a tambaye shi a ina? In ma ka daure ka yi magana, amsar a shirye take: "A yi haƙuri, Alhaji, kwana ɗaya ne." Kai ma ka maimaita wa kanka, ai kwana ɗaya ne. Na jiya haka ya ce, na gobe haka zai ce, ragar taga kuma ta shekara goma a yage. Mai gidan yana can birni, ya yi ritaya, ya gina wurin ne don ya riƙa ɗigo masa. Ya san cinikinsa na kaka-kaka ne: lokacin biki, lokacin zaɓe, ranar kasuwa, sai in an kawo bita. Sauran kwanakin ƙadangaru ne ke riƙe da ɗakunan. Yaron kanta kuwa shi ne mai shara, shi ne mai wanki, shi ne injiniyan janareta, kuma da wuya albashin watan jiya ya shigo hannunsa. In ya ce maka akwai, fata yake yi muku ku duka.

Akwai fa baƙon da ba ya ƙorafi ko kaɗan, ya ma fi kowa fara'a: ma'aikacin da aka turo aiki aka ba shi kuɗin kwana. An lissafa masa kuɗin babban otal, ya zo ya kama mai fanka, ya ci indomi da ƙwai a tsallaken titi, wanda shi ne kicin ɗin da aka ce akwai. Kowane cizon sauro riba ce a wurinsa. Da safe ya yi wanka da rabin bokiti, ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya zo kanta ya jingina, ya ce a ba shi rasit. Wanda duk ya bi rasitan da ke kwance a fayil-fayil na ofisoshinmu zai rantse ƙananan garuruwanmu cike suke da masaukai na alfarma, inda kowa ke kwana cikin sanyi ya tashi ya karya da kaza.

"Nawa za a rubuta, Yallaɓai?"

Yallaɓai ya waiga hagu da dama, ya faɗi wani adadi da zai isa a sayi sabon janareta. Yaro ya girgiza kai.

"Gaskiya ni ba na rubuta ƙarya, Yallaɓai. Ina tsoron Allah."

Sai ya yago rasit fari fat, ya huro hatimi, ya buga a ƙasa, ya sa hannu, ya miƙa wa Yallaɓai biro.