Masu Kiwon Kifi a Garin Kusugu

Garin da aka ce ba a ɗiban ruwan rijiyarsa ta Kusugu sai ranar Juma'a saboda maciji, yau shi ne ake canza wa kifi ruwa duk bayan kwana biyu. Masu wannan hidima a Daura iri-iri ne.

Na farko Alhajin falo. Ya ga akwatin gilashi a wani otal a Abuja, ya dawo ya ce sai an yi masa irinsa. Mai sayarwa ya ce wannan kifi a garke yake yawo, guda ɗaya ba ya sakewa, sai Alhaji ya kwashi dozin, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kifi yana girma, gilashi kuwa yana nan yadda yake. Yanzu in za su juya sai sun ba juna hanya. Ran da aka ɗauke wuta, injin iska ya tsaya, suka taso sama suna buɗe baki, sai ga Alhaji da babbar riga yana fama da igiyar janareto, baƙi na zaune ba wanda ya ce musu sannu. Fankar ɗakin Hajiya ba ta taɓa samun wannan gata ba, kuma tana sane.

Sai ɗan fansho da ya zuba kuɗin sallamarsa a tarwaɗa cikin tankin roba. Kullum bayan asuba yana ƙirga, kullum lissafi na raguwa. Ya zargi almajirin gidan, ya zargi kyanwar maƙwabta, har ya sa wa murfin makulli. Ɓarawon kuwa yana cikin tankin: in ba a ware manya da ƙanana ba, babbar tarwaɗa haɗiye 'yar'uwarta take yi. Da hunturu ya shigo suka rage cin abinci don sanyi, ya ce sammu ne.

Akwai masanin waya, wanda ko kwaɗo bai taɓa kiwo ba. Ya san maganin da ake zuba wa ruwan famfo yana kashe kifi, gaskiya ne kuwa, amma sai sun mutu yake faɗa.

Uwargidan Alhaji ba ruwanta da ado. Takan tsaya gaban gilashin da ludayi a hannu ta ce, "Maigida, wancan mai jan wutsiyar ai ya isa."

Wanda na fi tausaya wa shi ne masuncin da ke zuwa daga madatsar ruwan Daberam ko Sabke, aka shigo da shi falo don ya yaba. Ya durƙusa ya gaishe da Alhaji, ya ƙura wa kifin ido, ya tambayi kuɗin buhun Coppens ɗin da suke ci. Da ya ji, sai ya cire hula ya sosa kai.

"Ranka ya daɗe, da ka yi magana ai da na kawo maka karfasa da ta fi waɗannan, a soye ma, har da yaji."