Yadda Taɓon Japan Ya Ci Takalmina

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ta Jihar Kano gani yake ba abin da za a nuna masa a harkar shinkafa. Da wannan taƙama na tafi Japan kwas ɗin noma, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wani dattijo Bazazzagi da muke kira Malam, don dai a gwada haƙurina. Cikin watan Mayu aka ce za a kai mu yawon buɗe ido yankin Kumano da ke gaɓar teku, mu ga gonakin kan dutse da hanyoyin masu ziyarar ibada da garuruwan masunta.

Ni a sanina, yawon buɗe ido shi ne a zauna a mota, a sauka a ɗauki hoto, a koma. Don haka na zumbula babbar rigar shadda da ta sha bugu, na kafa zanna-bukar, na zura sau-cikina na Sallah. Malam ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai Bakano, ɗaurin auren wa aka gayyace ka?" Na ce, "Malam, ai mutum da shigarsa ake karɓarsa." Ya ce, "Allah ya kai mu."

Muka fara da Maruyama Senmaida a lardin Mie. Nan bakina ya mutu. Gangaren dutse ne guda aka sassaƙe shi hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu, an tare ruwa a ciki, na sama yana tsiyayar wa na ƙasa. Jagoranmu ya ce fangali 1,340 ne, kuma a shekarar 1601 an ƙirga 2,240. Da matasa suka watse birane sai gonakin suka koma daji, har saura wajen 530 a farkon shekarun 1990, kafin mutanen ƙauyen su tashi su sare ciyawa su gyara. Yanzu mazauna birni kan biya kuɗi duk shekara a ba su fangali da sunansu, su zo dashe da girbi, a aika musu da shinkafa. Ya nuna mana ƙaramin cikinsu, wanda bai kai dardumar sallah ba, tushe uku kacal ake dasawa a ciki. Ya ƙara da labarin da ake bayarwa na manomin da ya ƙirga gonakinsa ya ga ɗaya ta ɓata, sai da ya ɗaga malafarsa zai tafi gida ya gan ta a ƙarƙashi.

Na ƙyalƙyale da dariya, na ce a garinmu wannan ko yaro ba za a ba shi gado ba. Ganin wasu tsofaffi suna dashe, sai na ce bari in nuna musu yadda 'yan Kura ke yi. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana faɗin wani abu, jagora ya ce cewa take kunyar tana da santsi. Na ce ya gaya wa Iya a cikin fadama aka yanke mini cibiya. Na tattare riga na saɓa a kafaɗa, na taka. Taku na uku ƙafar hagu ta yi gabas, ta dama ta yi yamma, sai ji na yi tsulum, na zauna daram a fangalin ƙasa. Da aka jawo ni, ƙafar hagu ta fito da safa kawai. Tsofaffi uku suka yi ta lalube a taɓo, sau-ciki ya ce sai wata rana. Malam kuwa, maimakon ya miƙo hannu, waya ya zaro yana cewa, "Ɗan juyo nan, Sarkin Noma."

Iya, Allah ya saka mata, ta je ta ɗauko mini takalmin roba mai dogon wuya, fari fat, na mijinta. Ta ƙi karɓar ko sisi, sai rusunawa take yi, ni ma ina rusunawa, taɓo na ɗiga daga aljihuna.

Da wannan takalmi na shiga hanyar Kumano Kodo washegari. Hanyoyi ne da mutanen Japan, har da sarakunansu da suka yi murabus, suka shafe sama da shekara dubu suna bi da ƙafa zuwa manyan wuraren bautarsu uku, Hongu da Hayatama da Nachi, kuma a 2004 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Mu kallo ya kai mu, kuma aka ce guntun yanki kawai za mu taka, wanda ake kira Daimon-zaka. Guntun nan matakala 267 ne na dutse mai gansakuka, a inuwar wasu itatuwa da aka ce biyun da ke bakin hanya sun kai shekara 800.

A gindin hawan akwai inda ake ba da hayar tufafin masu ziyara na zamanin da, mutane su sa su yi hoto. Da 'yan yawon buɗe ido suka hango ni da babbar riga da farin takalmin roba, sai suka yanyame ni. Wani Bature ya tambaye ni a wane shago na yi hayar tawa. Malam ya amsa masa cewa guda ɗaya ce, kuma an riga shi.

Kafin rabin hanya numfashina ya fara fita da kiɗa. Tsofaffin da suka yi jika da ni suna wuce ni da sandunansu, kowa ya gaishe ni ya yi gaba. Da na kai ƙarshe na yi hamdala, sai jagora ya nuna wasu matakalan sama da 400 da ke kaiwa wurin bautar Nachi. Na ce ai ni Musulmi ne, ba lallai in ƙarasa ba. Malam ya ce, "Tun a ƙasa ba ka tuna da haka ba?" Haka na ja ƙafa. Gaskiya dai, ruwan Nachi da ke zubowa daga tsayin mita 133 ya cancanci wahalar, ko da yake a zaune na kalle shi.

Washegari da sassafe muka sauka Katsuura, tashar masunta da ta yi suna wajen kifin tuna ɗanye wanda bai ga ƙanƙara ta daskarar da shi ba. An jera kifaye a ƙasa, wasu sun fi ni nauyi, an yanke wutsiyar kowanne don dillalai su duba naman kafin su sa farashi. Baƙi daga bene suke kallo. Ni kuwa jinin kasuwa ya motsa, na bi wasu mutane na shige fili, ba wanda ya tare ni, don kowa a wurin takalmin roba ne a ƙafarsa. Har na tsuguna ina latsa wani kifi ina girgiza kai irin na mai shirin tayawa, sai wani ma'aikaci ya zo ya rusuna, ya sake rusunawa, ya raka ni har ƙofa cikin ladabi. Ban taɓa ganin kora mai daɗin wannan ba.

Da aka kawo abinci, kifin nan ne aka yayyanka, ja wur, ko wuta bai gani ba. Malam ya yi bisimilla ya hau ci, wai shi ɗan birnin ilimi. Ni na yi ta kwatance da hannu har mai shagon ya gane, ya gasa mini yanka guda. Na fito bakin teku da abina, na zauna, na ɗaga shi ina nuna wa Malam ta taga. Ban ji komai ba sai fuuu a kunnena. Shirwa ce ta sure shi, ta bar ni da tsinke. Ashe har Japan tana da reshe.

Jama'ar da suka mai da dutse gona, suke hawa da sauka a kansa har tsufa, sun fi ƙarfin raini, kuma ƙasarsu ta cancanci a je a gani. Mai niyya ya tafi da takalmin kirki, ya ci abincinsa a ƙarƙashin rufi, kada kuma ya yarda a haɗa shi da Bazazzagi mai waya. Hoton nan na ji ya zaga WhatsApp har Kura. In ya iso wayarka, don Allah ka goge, kada ka tura gaba.