Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam .NET Framework

Zuwa ga Malam .NET Framework,
Gidan Microsoft, Redmond, Amurka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ko da yake mu nan ba kasafai muke samunka da lafiya ba. Na rubuto ne da yawun masu shagunan buga takardu na yankinmu, tun daga Yako da Kiru, Kwanar Ɗangora, Bebeji, Tudun Wada, har can Doguwa. Mu ne masu buga katin ɗaurin aure, da takardar neman aiki, da sakamakon jarrabawar 'yan firamare, da shaidar cinikin gona. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarka a cikinmu. Sunanka kawai muka sani, shi ma ba ya fitowa sai ranar da aiki ya tsaya.

An yi mana bayanin sana'arka, kuma ba mu raina ta ba. Wai tun 2002 aka ajiye ka riƙe da kayan aiki, don kada kowane mai rubuta manhaja ya sha wahalar ƙera komai daga tushe. Mai son zana taga ya zo wurinka, mai son buɗe fayil ko ajiye lissafi ya zo wurinka. Madalla. Amma mai ba da aron kaya, ai a gida ya kamata a riƙa samunsa.

Bari mu fara da danginka. A ƙasarmu idan dagaci ya rasu aka naɗa ɗansa, duk mai ƙorafi a wurin uban, ɗan ne zai saurare shi. Ku gidanku ba haka abin yake ba. Ga 4.8 da aka haifa a 2019 zaune daram, ya gaji 4.5 da 4.6 da 4.7, ya hau kujerarsu ba gardama. Sai tsohuwar manhajar sikana ko ta lissafin kanti ta ce ita ba ta san shi ba, a kira mata 3.5 na 2007. Jikan kuma ya kawar da kai, ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Shi ma tsohon ba ya tafiya shi kaɗai, 2.0 da 3.0 suna cikin rigarsa. Ana cikin haka, a 2016 wani reshe ya ɓullo da sunan .NET Core, a 2020 ya yar da rabin sunan ya koma .NET 5. Yaro mai koyon gyara ya ga a sabon reshen har an kai 8, kuma 8 ta fi 4 girma, ya ƙona datarsa ya sauke, ya ɗora, manhaja ta dube shi ta ce ba wannan ake nema ba.

Tun daga Windows 8, a 2012, aka daina kawo 3.5 a shirye. Sunansa na nan cikin jerin abubuwan da ake kunnawa, har da ɗan akwatinsa na dannawa, amma gangar jikinsa tana intanet. Mu danna, ya ce a jira ya ɗauko daga Windows Update. Layin nan mai rarrafe ya kama hanya, ya kai tsakiya, ya tsaya yana tunanin duniya. Can sai ga amsa: 0x800F081F. Wata rana kuma 0x800F0906. Mai kati yana tsaye a kanmu, ɗaurin aure jibi, ya ce "Malam, lafiya?" Mu ce masa me? Daga baya muka gano ta farko tana nufin ba a ga fayilolin da ake nema ba, ta biyu kuma an kasa sauko da su. Magana gajera haka, sai da aka yi mata lambar mota.

Wanda ya fi ƙona rai shi ne na rantsuwa biyu. Manhaja ta dage ba ka nan. Mu ɗauko fayil ɗin ɗora ka, ka leƙo ka ce ai kana ciki tun tuni. Mu ce to fito mu sake shigar da kai, ka ce a Windows 10 kai ɗan gida ne, ba a fitar da kai. Ranka ya daɗe, tsakaninka da ita wani yana ƙarya, kuma mu ake bari da rabon faɗa. Masu Windows 7 kuwa, wanda aka daina kula da shi tun 14 ga Janairun 2020, nasu har da ban dariya: 4.8 ya ƙi shiga, wai kwamfutar ba ta amince da hatimin da ke kan takardarsa ba. Hatimin gidanku ne fa.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk laifin ne naka ba. Kwamfutocinmu yawanci na hannu ne, batirinsu ya daɗe da yin sallama. Windows ɗin kansa sau da yawa daga filashin da ya zaga gari aka ɗora shi, wani ma an yanke masa sassa don ya yi sauƙi, ta yiwu har da ɗakinka aka rushe. Ruwa dai muna da shi, ga madatsar Tiga a Bebeji tun 1974, amma wuta baƙuwa ce. Ana tsaka da sabunta ka sai a ɗauke, ko man janareto ya ƙare, ka kwana rabi sabo rabi tsoho. Abin da muke tuhumarka da shi guda ne: an tsara ka ne bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba a auna ta. Mu nan kowane megabait da farashinsa.

Dole ta sa muka koyi magani. Akwai ɗan kayan gyara da gidanku ya fitar takanas dominka, wanda wani lokaci yana ci, wani lokaci ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Idan ya gaza sai mu buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni, mu sa sfc /scannow ya bi fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbin waɗanda suka lalace. Na 3.5 kuwa, ashe yana kwance cikin filashin ɗora Windows, a wata jaka mai suna sxs. Sai a umarci wani kayan aikin Windows mai suna DISM ya ɗauko shi daga nan, a kuma ja masa kunne kada ya leƙa intanet. Sharaɗin dai filashin ya zama irin Windows ɗin da ke kan kwamfutar sak, in ba haka ba lambar motar nan ta dawo. Mun kuma gane fayil ɗin ɗora ka iri biyu ne: ƙaramin mayaudari ne, sai an danna shi yake fara sauke sauran, babban, mai sama da megabait 100, shi ne mai zuwa da kayansa. Wanda ya shiga Kano ya samo shi, maƙwabta su kwafa.

In duk wannan ya ƙi, saura fomatin. Shi ne maganin da ake fara ba mutum idan ya kai kwamfuta wajen masu gaggawa, kuma ba ya barin komai, har da katunan mutane da aka yi shekaru ana tarawa. Ba ma son kaiwa nan.

Roƙonmu bai da yawa. Ku zauna a gida ku sasanta, jika ya karɓi aikin kaka. In hakan ya gagara, a riƙa turo tsohon da jikinsa, ba sunansa kawai ba. Idan kuma za ka ba da amsa, don Allah a rubuto ta a takarda a ba direban motar Kano. Kada a turo ta Windows Update.

Naka mai biyayya bisa tilas,
Wani mai shagon buga takardu, Yako.