Taubashi, Kada Ka Sayar da Rali

Daga Gent, ƙasar Beljiyam.

Taubashina! Ina Inna da yara? Ya damina a Gummi?

Labari ya iske ni wai za ka sayar da Rali, keken Baffa, ka cika kuɗi ka sayi babur. Tsaya tukuna. Mutanen nan da nake cikinsu, keke ne sarautarsu. Ranar tsere sai ka ga tsofaffi da kujerunsu a bakin hanya tun hantsi, suna jiran 'yan keken da za su wuce fyuu cikin ƙiftawar ido.

Kuma gwanin da ya girgiza su namu ne, baƙar fata, Biniam Girmay, ɗan Asmara ta Eritiriya, haihuwar 2000. A watan Maris na 2022 ya cinye tseren Gent-Wevelgem a ƙofar gidansu. Bayan wata biyu ya ci zango ɗaya a babban tseren Italiya. Wajen murna ya buɗe kwalbar da ake ba gwani, murfin ya yi tsalle ya doke shi a ido, dole ya bar gasar. Duwatsun Italiya ba su kayar da shi ba, sai murfin kwalba! Na tuna da kai ranar da kwalbar zoɓo ta fashe maka a gaban surukai.

A 2024 kuwa, a tseren Faransa, mako uku ana taka feda, kilomita kusan 3,500, ya ci zango uku ya tafi da koriyar rigar da ake ba gwanin tara maki. Kafin shi babu baƙin Afirka da ya taɓa cin ko zango ɗaya a can. Wallahi har ƙwalla na yi.

Keken nasu na ɗaga irinsa da yatsa biyu, bai cika kilo 7 ba. Babu kariya, babu ƙararrawa, sirdin siriri kamar wuƙa. Buhun gero ko ɗaya ba zai kai maka kasuwa ba. Kai da kake sauka ka tura tun kafin Daki Takwas, wannan ba naka ba ne.

Amma yaronka na fari yana da ƙwauri. Zan aiko kuɗin sabuwar kaca da taya, a gyara masa Rali. Kada in ji an ce kuɗin sun ƙare wajen mai tsire.

Ka gaida Baffa da kyau.

Naka, taubashin da ya fi ka gudu.