Taubashina Zai Tsallaka Iyaka da Fonis

Ɗan gwaggo, Talatar da ta wuce na shiga kasuwar Mafara, ban ko kai rumfar masu albasa ba aka tare ni da labarinka. Wai ka harɗe a bencin mai faci kana shaida wa jama'a cewa da an gama kawar da amfanin gona za ka hau keke ka bar Najeriya, yawon buɗe ido. Na ce da wane keken? Aka ce Fonis ɗin nan naka na Damri. Sai da na nemi wuri na zauna.

Keken nan na san shi tun yana hannun mahaifinka. Birkinsa diddigenka ne. Kacarsa da ta hango tudu sai ta sauka ta huta, tub ɗin baya kuwa faci ya fi roba yawa. Tun daga bakin gari ake jin kukan fedarsa, matan gidanmu su ce a rufe tukunya, ga shi nan tafe.

Na san inda ka kwaso wannan zazzaɓi, a waya ka ga labarin Mamadou Safayou Barry, saurayin nan na ƙasar Gini. A 2023 ya hau keke da niyyar zuwa jami'ar Azhar, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar har Chadi, kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Ka ji ya isa Alƙahira an ba shi gurbin karatu kyauta, har Will Smith ya aika masa sabon keke, sai miyau ya tsinke maka. Abin da ka tsallake a labarin shi ne sau uku ana kulle shi, biyu a Burkina, ɗaya a Togo. Kuma a Chadi keken ya tsaya, yaƙin Sudan ya tare gaba, sai da masu alheri suka haɗa masa kuɗin jirgi. Shi ilimi ya fita nema. Kai da aka kai ka makarantar allo ka tsere saboda an jiƙa dawo a gida, me za ka ce wa jandarma ka fito nema?

To mu ɗauka ka tashi. Ka bi ta Tureta ka shiga Sakkwato, ka miƙe Kware da Gwadabawa har Illela. Daga nan sai Ƙonni, ka shiga ƙasar waje ke nan, ko da yake Hausar da ka baro ita za ka tarar, sai dai a ce maka "muse" ka yi ta waige kana neman wani Musa. Za a nemi takardar shaida da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Ka tuna Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ka rage ɗaga kafaɗa a shinge. Sai lissafin kuɗi: a can dala ɗaya sefa biyar ce, jikka kuwa sefa 1,000, ba naira 200 da ka sani ba. Ina jiye maka ranar da mai tuwo za ta ce jikka guda, ka yi murna ka ce a ƙaro malmala uku.

Wahalar gaske ba a shinge take ba. Ka zaɓi bayan kaka, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, kai kuma gabas ka nufa. Wato tun daga Ƙonni har Damagaram da ita za ku yi ta kokawa, kana taka feda babbar riga ta cika fam kamar tantin biki, keken na shawarar komawa Damri. In ka ratse gefen kwalta don wata babbar mota ta wuce, tsidau da ƙayar aduwa na nan suna jiran tayarka. Ruwa kuma kowace lita kilo guda ce a kan kariya. Ka ɗauka da yawa ya danne ka, ka rage ƙishirwa ta kama ka tsakanin gari da gari. Ban ma zo kan sirdi ba. Kwana uku a kan wannan busasshiyar fatar, ko zaman tahiya sai ka yi dabara.

Amma kada in ci amana, tafiyar tana da daɗinta, har ni na ɗan ji kwaɗayi. Mai mota wucewa yake yi, mai keke kuwa da ƙanshi yake sanin ya iso gari. Tun kafin Galmi albasa za ta yi maka maraba, a Madawa kilishi. Ka tsaya gindin bishiya a ba ka ruwan randa, a tambaye ka daga ina, ka ce daga Zamfara a kan wannan, nan take a shimfiɗa tabarma a ɗora shayi, wani ya kawo cuku. Kwana a zauren mai gari ko a masallaci, kamar yadda kakanninmu suka yi ta yi sa'ad da suke takawa a ƙasa zuwa Makka ta Chadi da Sudan. A wannan fanni kam ba ni da shakka a kanka. Cin abincin gidan mutane ba tare da an yi tayi sau biyu ba, duk ƙasar Bakura babu na biyunka. Tsorona ɗaya, kada su ɗauka haka duk Zamfarawa suke.

Gwaggo ta ce in hana ka. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yadda hanyoyinmu suka zama a 'yan shekarun nan, daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta ya fi Ƙonni zuwa Maraɗi buƙatar addu'a, kuma wannan kullum kana yin sa. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Ga shawarata kyauta. Fara gwadawa daga Damri zuwa madatsar Bakolori ka dawo a yini ɗaya, ba tare da ka ɗora keken a bayan a-kori-kura ba. In ka iya, famfo da sholisho da sabon tub duk a wuyana. Kafin nan ka aiko mini kuɗin sharar bara da har yau kake ta kwana-kwana a kansu. Ragon nan naka mai baƙin wuya kuma ka bar shi a hannuna, ni zan kula da shi har Babbar Salla.