Zomon da Ya Sha Takalmi a Babura

Kwarashi dai ba baƙon abu ba ne a wurin matan Kazaure: hular jariri, safa, shawul, duk muna yi. Abin da ya ɗauke mini hankali wani bidiyo ne a waya, wata tsohuwar Baturiya tana ƙulla leshi da 'yar ƙoshiya da ba ta wuce tsawon yatsa ba, tana fitar da tsuntsaye da zomaye. Ƙanwar maigidana kuwa cikinta ya tsufa a Babura. Na ce to, wannan jaririn da zomo zai fita suna.

Na zaga masu zare a kasuwa neman irin ƙoshiyar, ina kwatance da hannu, suna ta kallona. Na yi aike Kantin Kwari, aka kawo mini allurar keke. Sai na sa yaro ya fere mini cokulan roba biyu, na manne su da gam.

Aikin nan sirrinsa ɗaya ne. Ki yi ƙulli, ki sassauta zaren da ke hannun hagu, ki ja na ƙoshiya har ƙullin ya juya ya hau ɗaya zaren. In ya juya, kina ja zobe zai rufe sumul. In bai juya ba ya cije ke nan, sai almakashi. Baturiyar ba ta faɗi haka ba, ko kuma ta faɗa bayan datata ta ƙare.

Kunnuwan zomona suka lanƙwasa suka fuskanci juna. Jela, wadda ya kamata ta zama ɗan dunƙule, zare ya cije a kanta, na yi ta ƙara ƙulli don in ɓoye wurin, har ta yi tsawo ta ɗaga sama. Zaren ma ruwan ɗorawa ne, shi kaɗai na samu. Ni dai a idona zomo ne, mai ɗan fushi.

Ranar suna na ɗinke shi a gefen shawul, na lulluɓe jariri, na koma gefe ina jiran yabo. Goggo ta iso daga Gwiwa, ta yi wa mai jego barka, ta sunkuya za ta ɗauki yaro. Sai salati. Ta sure shi da hannu ɗaya, ta wurgar da shawul ƙasa, ta cire takalmi ta hau duka. Mata suka yi waje, wata ta taka kwanon waina.

"Goggo, zomo ne!"

"Ke 'yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake ganin zomo. Zomo da ƙari?"

Labari ya riga ni isa gida. Bayan kwana biyu wani mai maganin kunama daga Roni ya yi sallama da maigida. Wai guda goma yake so zai liƙa a jakarsa ta talla, amma a ƙara wa jelar tsini.